Gyaran Kanti a Jikin Bango: Tsofaffin Hotunan Kalanda a Illela

Hoton kalanda takarda ce mai launi wadda kamfani ko babban kanti ke bugawa ya raba wa abokan cinikinsa kyauta idan shekara ta zo ƙarshe. Saman takardar hoto ne, galibi na wani wuri mai daɗin kallo, tafki ko tsauni ko ruwa mai zubowa daga kan dutse. Ƙasa da hoton sai sunan kamfanin da adireshinsa, sannan jadawalin watanni. Jadawalin yakan tashi daga aiki da ƙarewar Disamba, hoton kuwa yakan yi zamansa. A Illela, garin Jihar Sakkwato da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar daura da Birnin Ƙonni, har yau akan ci karo da irin waɗannan hotuna a shagon tsohon ɗan tireda, ko zauren attajiri, ko ɗakin dattijuwa, sun koɗe sun yi shuɗi-shuɗi, kamfanin da ya buga su ma ya daɗe da rufe ƙofa.

Bahaushe bai buƙaci a yi masa bayanin wannan kyauta ba, domin ya san ta tun kafin Bature ya kafa kanti. Mai awon hatsi yakan ƙara ɗan tafi bayan ya cika tiya, mai ƙosai takan jefa guda ɗaya a kan na kuɗin, mahauci yakan ɗora ɗan yanki a kan kashi. Wannan shi ne gyara, kuma kalmar ta yi tafiya har kasuwannin kudu, inda ake ce mata jara. Amfanin gyara shi ne mai saye ya dawo gobe. Kalandar kanti gyara ce ta takarda, sai dai ta fi ta mai ƙosai wayo: ƙosai ana cinye shi nan take, ita kuwa takan kwana wata goma sha biyu a bango tana nuna sunan mai ita ga duk wanda ya shigo.

Asalin abin yana Turai, kuma ya rataya ne a kan fasahar ɗab'i. A 1796 wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ya gano hanyar buga hoto da shafaffen dutse a birnin Munich. Sirrinta shi ne maiƙo da ruwa ba sa ga maciji: a zana hoto da alli mai maiƙo a kan dutsen, a jiƙa shi, sai tawada ta kama wurin zanen kaɗai. A 1837 Godefroy Engelmann ya yi rajistar hanyar buga launuka da yawa da wannan dabara a Faransa. Kowane launi da dutsensa, hoto guda yakan ci duwatsu goma ko fiye, ana bi da takardar ɗaya bayan ɗaya. Aikin farko ne ke da wahala. Da zarar an shirya duwatsun, sai a buga dubbai a kan kuɗi kaɗan. Hoto mai launi, wanda a da sai gidan masu hali, ya zama abin da ɗan kasuwa zai iya bayarwa a banza.

Kantin Bon Marché na birnin Paris, wanda Aristide Boucicaut ya shiga harkarsa a 1852 ya mayar da shi ɗaya daga cikin manyan kantunan farko na duniya, ya yi suna wajen raba ƙananan katuna masu hoto ga yaran da suka rako iyayensu mata. Akan fitar da sababbi ranar Alhamis, ranar da ba a zuwa makaranta a Faransa a wancan zamani, kuma hotunan jeri-jeri ne, don haka yaron da ya sami ɗaya sai ya matsa wa uwarsa a koma a karɓo na gaba. A Amurka abin ya ɗauki wani salo. A 1889 wasu 'yan jarida biyu a garin Red Oak na Jihar Iowa, Edmond Osborne da Thomas D. Murphy, suka buga kalandar bango mai hoton ginin kotun garinsu kewaye da tallan 'yan kasuwa. Daga nan sana'a ta tashi. Kamfanin Brown & Bigelow, wanda aka kafa a 1896 a Minnesota, da ire-irensa suka riƙa sayen zane daga masu zane, su buga da yawa, su bar fili a ƙasa domin kowane kanti ko banki ya sa sunansa. Mai zane R. Atkinson Fox, wanda ya rasu a 1935, ya yi ɗaruruwan hotunan tsaunuka da tafkuna da lambuna domin wannan kasuwa, wasu ma da sunayen aro. Wannan ne ya sa hoto ɗaya kan fito da sunayen kantuna barkatai waɗanda ba su san juna ba.

Al'adar ta shigo ƙasar Hausa ne a cikin kayan kamfanonin ciniki na Turawa. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kamfanoni irin su John Holt na Liverpool, da Paterson Zochonis da aka fi sani da PZ, da G. B. Ollivant, da CFAO da SCOA na Faransawa, suka baza kantuna a Arewa suna sayen gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga, suna sayar da atamfa da akoko da gishiri da kananzir da kwanon sha. A 1929 aka haɗe Kamfanin Neja da wani babban abokin gasarsa aka sami UAC, kuma ita ce ta buɗe kantin Kingsway a Legas a 1948, kanti mai sashe-sashe irin na Turai, kafin rassa su biyo baya a manyan birane har da Kano da Kaduna. Leventis da UTC da Chellarams su ma suka buɗe nasu. A Kaduna har yau ana kwatance da shataletalen Leventis.

Illela ba ta taɓa zama garin irin waɗannan kantuna ba. Ko Sakkwato, mai tazarar sama da kilomita 80 daga kudu, layin dogo bai je mata ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Saboda haka kalanda ta iso Illela ne ta hanyar da sauran haja ke isowa, wato hannu da hannu. Kamfani yakan ba manyan dilolinsa ƙunshi guda, gwargwadon cinikin da suka kawo masa a shekara. Dila a Kano ko Gusau ko Sakkwato ya raba wa 'yan sarinsa. Ɗan sari ya naɗe tasa ya cusa cikin dilar yadi, ta hau mota ta bi ta Kware da Gwadabawa. Direbobin manyan motoci da ma'aikatan kwastan da malaman makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki su ma sun taho da nasu. Da yake ba kowa ke samu ba, rataye kalandar babban kamfani a shago ya zama shaida cewa mai shagon yana da ƙafa a can sama, kayansa daga tushe suke fitowa. Wanda ya sami biyu yakan kai ɗaya gidan hakimi ko limami ko suruki, kamar yadda ake kai goro.

Zaman garin a bakin iyaka ya ƙara wa abin wani armashi. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1904 da 1906 ne suka bar Ƙonni a hannun Faransawa, Illela a hannun Ingilishi, alhali mutanen dangin juna ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Don haka bango guda kan ɗauki kalanda iri biyu. Ta Najeriya da Turanci take, makonta yakan fara daga Lahadi, ta yi wa 1 ga Oktoba alamar hutu. Ta Nijar da Faransanci take, makonta yakan fara daga Litinin, hutunta 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. Ɗan kasuwar da ke tsallakawa yana buƙatar duka biyun, don ya san ranar da ofishin kwastan na nan ko na duwan na can zai yi sanyi. Akwai kuma abin dariya a ciki. Mai buga kalanda yakan shafa wa Lahadi jan launi don a huta, ita kuwa Lahadi ita ce ranar da kasuwar Illela ke ci, ranar da shanu da raƙuma da tumaki ke cika kara, motoci su yi layi suna lodi zuwa kudu. Jar ranar Bature ita ce ranar da ba mai hutawa a garin.

Ta fuskar ƙidayar kwanaki ma, kalandar kanti ba ta taɓa zama uwa ba. Manomi da taurari da alamun damina yake lissafi, mai azumi da ganin wata. Ko bayan da maɗaba'un cikin gida suka fara haɗa watannin Hijira a ƙarƙashin na Bature, ba wanda ke ɗaukar azumi ko ya sauke don takarda ta ce. Sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato ake jira. Ma'aikaci mai jiran albashi da ɗan makaranta mai jiran hutu su ne masu duba lambobin. Sauran jama'a hoton suke kallo.

Hotunan kansu sun kasu gida biyu. Na farko na ƙetare ne: tsaunuka masu ƙanƙara a kai, tafki kwance kamar madubi, ɗan gida mai jan rufi a gefen korama, lambu mai furanni jeri-jeri, jirgin ruwa a faɗuwar rana. Irin waɗannan maɗaba'a ke da su a ajiye, kamfani ya zaɓa a liƙa masa suna. Na biyu na gida ne, kuma sun yi yawa bayan samun 'yancin kai a 1960, lokacin da kamfanonin baƙi suke son a gan su a matsayin 'yan ƙasa, bankuna da kamfanonin mai da hukumomin gwamnati kuma suka shigo cikin rabon. Nan ne aka riƙa ganin dalar gyaɗa ta Kano, da marinar Ƙofar Mata, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da dutsen Zuma, da ruwan Gurara, da madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da masunta da gorunansu a bikin kamun kifi na Argungu. Daga ɓangaren Nijar kuma masallacin Agadas da ayarin raƙuman gishiri da tudun yashin Tenere. Mutane da yawa a jikin kalanda suka fara ganin wuraren ƙasarsu da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba.

Dalilin da ya sa hoton shimfiɗar ƙasa ya fi sauran daɗewa a bango yana da nasaba da addini. Magana a kan hoton abu mai rai tsohuwa ce a fiƙihu. Malaman Malikiyya sun fi tsananta hukunci a kan mutum-mutumi mai inuwa, suka sassauta a kan zanen da ke shafe a takarda ko tufa, wasu malaman kuma suka haɗa duka suka hana. Amma bishiya da dutse da ruwa babu wata jayayya ta a-zo-a-gani a kansu, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. A ƙasar da ke ƙarƙashin inuwar Hubbaren Shehu wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne. Kalanda mai hoton mace tana tallan sabulu ko man shafawa tana iya zama a shagon aski, amma ba ta shiga ɗakin da ake salla. Idan ta shiga ma, wata rana za a juya fuskarta bango ko a sauke ta. Mai hoton tafki kuwa ba mai ce mata kanzil. Takan zauna gefe guda da hoton Ka'aba da na masallacin Madina da alhazai ke dawowa da su, malami ya shigo ya zauna a ƙarƙashinta ya yi karatunsa.

Dalili na biyu yanayin ƙasar ne. Illela tana yankin Sahel, ruwan sama wata uku zuwa huɗu ne, sauran shekara hunturu da ƙura sai bazara mai ƙona tafin ƙafa. Ban da fadamu da tafkin Kalmalo da ke kusa, ido yakan daɗe bai sauka a kan kore ba. Mutumin da ya wuni a rumfar kwano cikin watan Afrilu, hoton ruwa mai kwarara tsakanin itatuwa ba ƙaramin sanyaya masa rai yake yi ba. Ba mamaki kuma wani ya tuna siffar lambuna masu ƙoramu da yake ji a wurin tafsiri, ko da mai zanen wani kwari ne na ƙasar Suwizalan ya nufa.

Idan aka sauke ɗaya daga cikin tsofaffin aka duba ta da kyau, akan ga tarihinta a jikinta. A sama akwai siririn ƙarfen gwangwani da aka matse bakin takardar da shi, ya yi tsatsa ya bar jan layi, a tsakiyarsa ɗan kunne na ratayewa wanda sau da yawa ya karye an maye shi da zaren buhu. Kusurwoyin sun sha hudar ƙusa, alamar ta yi ƙaura daga bango zuwa bango. Ƙuda ya yi mata ɗige-ɗige, hayaƙin fitilar ƙwai ya dusashe gefe ɗaya. Jan launi da rawaya su ne rana ke fara cinyewa, shi ya sa dajin da aka buga kore yakan koma shuɗi, faɗuwar rana ta zama kamar asuba. Bayanta fari ne, kuma farin takarda ba ya zama banza a hannun ɗan kasuwa: akan tarar da lissafin bashi da fensir, wani da boko wani da ajami, buhu kaza na wane, saura kaza, an ja layi a kan wanda ya biya.

Wadda ta yi sa'a, almakashi ya raba ta da jadawalinta, aka kai wa mai gilashi ya yanka daidai ita, ya sa kwali a baya, ya naɗe gefen da baƙin tef. A haka take shiga ɗakin amarya, a rataye ta sama da jeren kwalla da tasoshi. Wadda ba ta yi sa'a ba ta zama bangon littafin ɗan firamare, ko shimfiɗar cikin kabad da akwatin ƙarfe, ko ta ƙare a hannun mai tsire. Takardar kalanda tana da kauri da santsi, ba ta shan mai da wuri, don haka masu neman ta da yawa.

Shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka yi ambaliya, su ne ganiyar wannan rabo. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sauya masu hannun jari, amma ba su taɓa al'adar ba. Abin da ya karya ta shi ne tsuke bakin aljihu. Daga 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta taƙaita shigo da kaya, kantunan da suka dogara da hajar waje suka fara zama wayam. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa ta kuma canza launin kuɗi, ba a buɗe ba sai a 1986, abin da ya taɓa Illela kai tsaye. A shekarar ce kuma aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, naira ta faɗi, takarda da tawada suka yi tsada. Kingsway da takwarorinta suka yi ta rufe rassa har suka ɓace daga titunan Arewa. A Nijar ma an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994.

Bangon bai zauna tsirara ba. Manyan hotunan ruwa da furanni masu ƙyalli, bugun Sin, suka cika kasuwa, sai dai su saye ake yi, ba kyauta ba. Kalandar kyauta kuwa ta canza fuska. Ta yau ta biki ce mai hoton ango da amarya, ko ta saukar karatu a Islamiyya, ko ta ƙungiyar direbobi da 'yan kasuwa, ko ta ɗan takara tun dawowar mulkin siyasa a 1999. Duk fuskokin mutane ne, kuma fuska ba ta jure zama: a yi saki a sauke, a faɗi zaɓe a yage. Wayar salula da ta shigo a 2001 ta kwashe aikin duba kwanan wata, hoton tafkin ma ya koma fuskar waya.

Gane shekarun tsohon hoto ba shi da wuya idan ba a yanke ƙasansa ba, domin shekarar tana rubuce. Idan an yanke, akwai alamu. Farashi da fam da sule yana nuna kafin Janairun 1973, lokacin da naira da kwabo suka fara aiki. Adireshin da ya ambaci Jihar Arewa maso Yamma yana tsakanin 1967 da 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato. Sunan bankin Barclays ko Standard yana nuna kafin 1979, lokacin da suka koma Union Bank da First Bank, kuma a shekarar ce gwamnati ta karɓe kamfanin mai na BP, wanda ya zama AP. Hoton titin Najeriya da motoci ke bin hannun hagu an ɗauke shi kafin Afrilun 1972. Lambar tarho mai farawa da 060 ta Sakkwato ce, 064 ta Kano, 062 ta Kaduna, duk na zamanin wayar tangaraho. Madubin ƙara girma kuma yakan raba bugun dutse da na inji: na inji ɗige-ɗige ne ƙanana a jere cikin tsari, na launi huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, na dutse kuwa launinsa shafe yake, ɗigonsa ba shi da tsari, tawadarsa ta fi kauri. Mafi yawan abin da ya rage a garuruwan Arewa bugun inji ne.

A Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan takardu, suna da ƙungiyoyi da littattafan da suka jera hotunan kowane mai zane, kuma wadda ke da sunan kanti da jadawalinta cikakke ta fi yankakkiya daraja a wurinsu. A Illela tsohuwar takarda ba ta da kasuwa. Darajarta ta tarihi ce: tana nuna kamfanonin da hajarsu ta kai bakin iyaka, da bankunan da 'yan kasuwa suka yi hulɗa da su, da yadda dalar gyaɗa take kafin ta ɓace, wani lokaci har da rubutun hannun kakan gidan a bayanta.

Maƙiyanta sanannu ne, gara da kyankyaso da yoyon damina da hasken rana. Salatif yakan bar tabon da ba ya fita, liƙe ta cikin roba da zafi kuma yakan kashe takardar gaba ɗaya, domin ba a iya ɓare shi daga baya. Abin da ya fi shi ne a shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu biyu a cikin akwati, nesa da ƙasa da danshi, a ɗauki hotonta gaba da baya da waya. Wanda ya ga ba zai iya riƙe ta ba, akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, waɗanda aikinsu ne adana takardun tarihi. Duk wanda ya tsinci irin wannan kalanda a kayan gado, kada ya sa mata almakashi, domin sunan kantin da shekarar bugu a ƙasan suke.